Shekarar da Na Hana a Kai Ramatu Juji

Duk jikan da na goya a gidan nan sai da ya sa yatsa a tsagar nan ta kunnena na hagu, ya tambaye ni wa ya cije ni. Nakan ce ɓera ne, a yi dariya a wuce wurin. Ku manya kun san ba ɓera ba ne, amma abin da kuka sani rabi ne, sauran kuma a bakin matan biki kuka tsinto shi. Da kunnena na ji, ranar auren 'yar Sani, wata tana gaya wa wata wai ni ce na kori uwata daga ɗakina ina jego, ta fita tana kuka. Matar da take faɗa ɗin ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, amma ku ji yadda take zuba kamar a gabanta aka yi. To tunda maganar ta ƙi mutuwa, ni kuma rana ta yi mini nisa, gara ku ji daga bakina. Inna ta fita tana kuka, wannan gaskiya ne. Korar ce ƙarya.

A wani ƙauye kusa da Bebeji aka haife ni. Kafin ni Inna ta sha haihuwa, amma ba wanda ya kai yaye, kowanne sai ya fara dariya ko rarrafe sannan ya koma. Wabi ake ce wa irin wannan. Mutanen lokacin sun ɗauka akwai wani abu da ya sa wa 'ya'yan matar ido, wasu su ce iska ce, wasu su ce yaro ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Maganinsa a wurinsu shi ne a nuna ba a son jaririn, don abin da yake ɗauka ya ga ba riba ya ƙyale. Don haka ina faɗowa ungozoma ta sa ni a cikin sakaina, wato ɓarin fasasshiyar ƙwarya, ta kai ni juji a bayan gida, ta ajiye ni cikin toka da ƙaiƙayi ta juyo. Wata Bafulatana mai kawo mana nono, wadda da ma an shirya da ita, ta ɗauko ni ta shigo tana tambaya ko akwai mai son abin da ta tsinta. Inna ta kau da kai ta ce a ajiye can. Wanzami ya tsaga mini kunne don a gane ni idan na koma na sake dawowa. Daga ranar sunana Ajuji.

Ku kun san sunan, kun kuma sha tsokanata da shi, amma ba ku san yadda ake tashi a cikinsa ba. Ban taɓa ɗaura sabon zane ba sai da na yi aure. Ranar sallah sauran 'yan matan gidan su sha kitso da lalle da kwalli, ni a ba ni kwancen wata. Idan baƙuwa ta zo ta dube ni ta ce yarinyar nan ta yi kyau, sai in ga fuskar Inna ta sauya, ta yi maza ta tare ta.

"Wannan? Ai shara ce, tsintar ta aka yi."

Yanzu da na tsufa na tuna cewa kullum ni ake fara zuba wa fura, kuma in na yi tari sau ɗaya Inna ba ta iya cin abinci. Amma yaro ba ya lissafa wannan, abin da kunnensa ya ji shi yake riƙewa. In na yi dariya da ƙarfi sai ta ce in yi a hankali kada a ji ni. In na shiga gaɗa tsakiyar fili sai ta aiko a janye ni kada a gan ni. Ba wanda ya taɓa gaya mini wane ne zai ji ni, wane ne zai gan ni. Da aka sa mu karatun allo a zauren Malam na ɗan lokaci, na ji ana cewa Allah ne mai rayawa, shi ne mai kashewa. Sai na haɗa biyun da kaina, ban tambayi kowa ba. Na ce ashe shi ne ake ɓoye ni daga gare shi. Na ɗauka 'yan'uwana duk an kira su sun tafi, ni kuwa mantuwa aka yi da ni, kuma ranar da aka tuna, shi ke nan. Don haka sallah ina yi kamar kowa, don a ganina cikin taron masu sallah ba za a ware ni ba. Amma in ɗaga hannu in ce ga ni, ga buƙatata, wannan ban taɓa yi ba. Wa zai ɗaga hannu yana ɓuya?

Da haka na girma, da haka aka kawo ni gidan babanku a ƙauyensu ta wajen Dangora. Mutum ne mai sanyi, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa sanin abin da ke cikina ba, don ni ma ban san abu ne da ake faɗa ba. Na haifi ɗan fari a gidanmu, namiji, ya yi ƙiba har ya fara kama bango yana miƙewa, sai zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar damina. Na rungume shi ina kallon numfashinsa, bakina cike da roƙo, amma na ƙi buɗewa, don ina tsoron in na yi magana a gan mu mu biyu. Ya koma. Tun ba a gama zaman gaisuwa ba na fara jin mata suna cewa ai gado ta yi, wabin uwarta ne ya biyo ta.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce ta biye, shekarar da gyaɗa ta yi kyau har rumbunan gidan suka kasa ɗauka, muka yi ta ɓara a tsakar gida har yatsunmu suka yi kanta. Ina da tsohon ciki a lokacin. Uwar babanku, wadda muke kira Iya, 'yar malamai ce daga wajen Doguwa, ta yi karatu a gaban mahaifinta fiye da yawancin mazan ƙauyen. Yawancinku ba ku riske ta ba. Gajera ce, kullum da goro a baki, kuma harshenta ba ya tsoron kowa, har mai unguwa yakan sauya hanya in ya hango ta. Wata rana bayan mun idar da la'asar, tana zaune a kan buzunta tana jan carbi, na yi wuf na naɗe tabarmata zan koma kan gyaɗa.

"Ke, zo nan," in ji Iya. "Tun da aka kawo ki nake kallon ki. Sallarki ba ta da aibu, amma kina sallamewa sai ki zabura kamar kin bar tuwo a wuta. Ke ba ki da abin roƙo ne? Ga ciki a gabanki?"

Na durƙusa na sunkuyar da kai. Iya kuwa ba a yi mata shiru ta haƙura, sai da ta matsa.

"Iya," na ce, "ni ba na son a tuna da ni."

"Wa zai tuna da ke?"

Sai na ɗaga ido sama na sauke. Ta daina tauna goron. Na ɗauka dariya za ta yi, ko ta rufe ni da faɗa ta ce na yi saɓo. Sai ta ce in miƙo hannuna. Ta riƙe shi, ta juya shi, ta dinga matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi baƙi da ɓawon gyaɗa.

"Wa ya yi wannan? Ungozoma ce, ko Bafulatanar da ta tsince ki? Wanda ya tsara yatsun nan tun kina cikin uwarki, ya ba kowanne farcensa, shi kike cewa ya manta da ke? Yarinya, jujin ma nasa ne. Ranar da aka ajiye ki can, kaji suna tono, karnuka suna yawo, wa ya tsare ki kafin mai nonon ta iso? Uwarki ta ɓoye ki daga abin da take tsoro, Allah ya saka mata wahalar da ta sha. Amma shi ba a ɓoye masa komai, kuma ba mantuwa ce ta sa ya bar ki ba. So ya yi ki rayu."

Ta nuna mini wata kabewa da ta fito a jujin gidan, ta haura danga ta zubo 'ya'ya ta cikin tsakar gida, ta ce wa ya shuka ta, wa ya ba ta ruwa. Ni kuma kun san halina, ko hawaye na zuba bakina ba ya mutuwa.

"To Iya, ni kabewa ce?"

"Kabewar ma ta fi ki wayo," in ji ta. "Ita ta san ta miƙe ta nemi rana."

Sannan ta tambaye ni sunana na yanka. Sai da na yi tunani kafin na ce Saudatu, don tun da nake ban taɓa jin an kira ni da shi ba. Daga ranar Iya ba ta sake ce mini Ajuji ba. Da farko in ta ƙwala kira sai in waiga in ga ko baƙuwa muka yi.

Kada ku ɗauka nan take na sauya. Tsoron da aka shayar da mutum tare da nono ba ya fita da zance ɗaya. Na ci gaba da naɗe tabarmata da sauri, sai dai maganar nan, so ya yi ki rayu, ta dinga bi na rijiya, ta bi ni bakin turmi. Har na haihu, wata safiya da hantsi bayan an gama yankan dawa, a ɗakina a gidan babanku. Ke ce, Ramatu. Da aka wanke ki aka miƙo mini ke, na kasa ɗauke ido daga kanki. Na ƙirga yatsunki yadda Iya ta yi mini, na duba kunnuwanki lafiyayyu ba tsaga. A nan abin ya shige ni sosai. Na ce ni da ban ƙera ko farcenta ɗaya ba, ga shi na kasa daina kallon ta, to ina ga wanda ya yi ta, ya kuma yi ni? Ashe duk shekarun da na yi ina laɓe-laɓe, a gabansa nake, yana ciyar da ni yana shayar da ni, bai gaji ba. Wallahi ban taɓa jin kunya da daɗi sun haɗu mini lokaci ɗaya irin na ranar ba.

Da labari ya kai Bebeji, Inna ta biyo 'yan kasuwa a ƙafa ta iso. Ta kwance ƙunshinta a gabana, ga kanwa ta kunu, ga yaji ta daka da hannunta, ga daddawa. A ƙasan kayan akwai wani abu naɗe cikin tsumma. Tana warwarewa na ga sakaina ce. Ba ta ko kalli jaririyar ba, kuma na san dalili.

"Inna, wannan fa?"

"Kin san ko mece ce. Na yi magana da ungozomarku, na kuma sami wadda za ta tsinto ta. Ba za ta daɗe a can ba. Wanzami kuma in ya zo a gaya masa kunnen hagu."

Ban taɓa yi wa Inna musu ba tun da na zo duniya. Na ƙara matse ki a ƙirjina.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba za a kai ta ba."

Ta dube ni kamar ba ta gane yaren da na yi ba. Sannan ta fara magana a hankali, abin da ya fi ihu ciwo. Ta jero mini sunayen 'ya'yanta da suka koma, ɗaya bayan ɗaya, sunayen da ban taɓa ji a bakinta ba, da wanda ya fara haƙori, da wadda ta iya cewa Inna.

"Ke ɗa ɗaya kika rasa, har kina ganin kin san mutuwa? Kina tsammani daɗi nake ji in na ce miki shara? Ranar da aka kai ki juji, da jini a jikina na ja gindi har bakin danga, ina leƙen ki ta tsakanin kara, ina jin kukanki ba halin in ɗauka. Abin da ya raya ki ke nan, yau shi kike rainawa."

"Ban raina wahalarki ba, Inna, har abada. Amma ba sakaina ce ta raya ni ba, Allah ne, kuma yana kallona tun ina cikinta. Wannan ma yana kallon ta. In ya bar mini ita, na gode masa. In ya karɓi abarsa, ina so ta tafi ta san an so ta. Ba zan ce mata shara ba ko da wasa."

Inna ta juya wajen Iya, wadda take tsaye bakin ƙofa, ta ce ita babba ce, ta sa baki. Na ɗauka Iya za ta tsaya mini, tunda ita ta kunna wutar. Sai ta ce ita ba ta shiga tsakanin 'ya da uwa, haihuwar tawa ce, maganar ma tawa ce. A lokacin na ji haushinta ƙwarai. Daga baya na gane da ta sa baki, da har yau cewa za a yi surukata ce ta juya ni.

"To," in ji Inna, "in ta koma, kada a aiko mini."

Ta bar kanwar da yajin da daddawar, ta naɗe sakainarta, ta fita tana kuka. Na roƙe ta ta zauna, na ce ko ruwa ta sha. Babanku ya bi ta har bakin hanya yana ba ta haƙuri, ba ta waigo ba. Wannan ita ce korar da kuke ji.

Da ɗakin ya yi shiru sai tsoro ya dawo mini gaba ɗaya. Na ce yanzu in yarinyar nan ta mutu, ni na kashe ta a idon uwata da idon duk garin. Ba sallah a kaina, ina cikin jinin biƙi, amma Iya ta taɓa gaya mini roƙo ba ya jiran alwala. Ina zaune a bakin gado, ke kina kan cinyata, rana tana shigowa ta ƙofa, na ɗaga hannuwana biyu. Sun yi mini nauyi kamar na ɗauki tulu. Ban san addu'ar da malamai suke yi ba, da Hausa na yi. Na ce ya Allah, ga ni, ni ce Saudatu, na san ka san ni. Ga 'yar da ka ba ni, ba zan ɓoye maka ita ba. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, sai kuka. Na jira in ga abin da zai same ni, ba abin da ya same ni, sai ke da kika farka kina neman nono.

Abin bai zo da sauƙi ba. Aka yi suna ba uwata, mata suna ta kallon juna. Iya ce ta yi mini wankan jego, da bakin nan nata, tana watsa mini ruwan zafi tana cewa in daina raki. Na aika wa Inna goron suna, aka dawo da shi. Babana yakan zo shi kaɗai ranar kasuwa, ya zauna a zaure, ya ce tana lafiya, ba ya ƙarawa. Duk lokacin da jikinki ya yi ɗumi sai maƙwabta su fara leƙowa da fuskar da ma mun faɗa. Da ƙyanda ta shigo ƙauyen ta kwantar da ke, har idonki ya rufe, ban san inda hankalina yake ba, amma hannuna bai sauka ba. Kuma kada wani cikinku ya ce don na yi daidai ne aka bar mini Ramatu. Bayanta na haifi Musa, shi ma ban kai shi juji ba, shi ma na roƙa masa, ya koma yana wata biyar. Na yi kuka har na gode Allah, amma ban koma ɓuya ba. Wanda ya karɓe shi ya san shi, ya san ni, kuma yaron ya tafi da sabuwar riga a jikinsa.

Amma wannan daga baya ne. Da lokacin yayenki ya yi, Ramatu, al'ada ita ce a kai yaro wurin kakarsa ta wajen uwa ya manta da nono. Iya ta ce in bar ki wurinta, tunda can ba a neman mu. Na ce a'a, wurin Inna zan kai ki, in ta koro mu mu dawo. Na yi miki kitso, na sa miki kwalli, na ɗaura miki sabon zane ɗan ƙarami, na goya ki, babanku ya raka mu.

Mun isa da rana tsaka. Abin da na fara gani a tsakar gidan sakainar nan ce, an zuba wa kaji ruwa a ciki. Inna tana zaune a inuwar rumbu tana kaɗi, ta rame, furfura ta cika kanta. Na yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba. Na durƙusa a rana na gaishe ta, na sauke ki. Ke kuwa da ma ba ki da ƙiwa, kika taka da ƙafafunki kika je kika kama mazarinta kina ja. Ta ɗago ta dube ki, ta daɗe tana duban ki. Na ga ta waiga hagu, ta waiga dama, irin waigen da na sani tun ina yarinya, na ce a raina yanzu za ta faɗi kalmar nan. Sai ta ajiye audugar, ta ɗauke ki ta ɗora a cinya, ta shafa kunnenki na hagu.

"Tubarkalla," in ji ta, da ƙarfi, yadda har na bayan danga zai ji. "Yarinyar nan kyakkyawa ce."

Idonta a kanki, amma da ni take magana.

"Ke ma haka kike ranar da aka haife ki. Ban sami bakin faɗa ba."

Ina nan durƙushe a rana. Sai ta share fuska da gefen zanenta ta dube ni.

"Saudatu," ta ce, "shigo daga rana."